Nono Sai Bayan Azahar

"To gaya mini da abin da zan dama ta," in ji Yelwa. "Da ruwan rijiya? Ko da surutunka?"

"Na ce miki nono zai zo, Yaya."

"Yaushe?"

"In lokacinsa ya yi."

"Lokacinsa hantsi ne. Tun kafin a haife ka lokacinsa hantsi ne. Kai ka je ka ce da Hajo mai nono wai kada ta kuskura ta kawo sai bayan azahar. Ka zaci ba za ta zo ta tambaye ni ba? Baiwar Allah tun daga rugarsu ta tako da sanyin safiya, kanta babu ƙwarya, wai ta zo ta ji ko rasuwa aka yi mana aka ɗage gayyar."

Maharazu ya gyara fartanyar da ke kafaɗarsa, ya dubi wajen gabas inda gari ke ta wayewa. A ransa kuwa murna yake. Ya san Hajo ta riga ta ba 'yan'uwanta nonon safe sun wuce da shi kasuwar Karaye. Ko yayarsa za ta yi faɗa har muryarta ta dishe, babu inda za ta samo wanda zai ishi mutanen gayya kafin rana ta karkata.

Shi dai Maharazu, in ba ka san shi ba, mutumin Tudun Kaya ne, kuma da can kamar kowa yake: a yi noma, a zauna, a sha fura, a ɗan yi gyangyaɗi, a tashi a ci gaba. Cin rani ne ya ɓata shi. A shekarun nan da Turawa suka sa kowa ya duƙufa noman gyaɗa, sai ya riƙa tafiya Kano da rani yana dakon buhuna wajen tashar jirgi, inda ake jibga su su yi tsibi kamar duwatsu. Can akwai wani helma, shugaban 'yan dako, mai usur a wuya, wanda da ya hango gwiwar mutum ta lanƙwasa sai ya hura. Sauran 'yan dako sun dawo gida suna tsine wa helman nan. Maharazu kaɗai ya dawo yana yabonsa. Ya zo da gajeren wando na kaki da wata sabuwar aƙida, wai zama ne ya hana mutanen ƙauye arziki. Tuwo ma a tsaye yake ci, sai in an matsa masa ya tsuguna. Matarsa Sabuwa da ta tafi gidansu wankan jego, an ce har kumatu ta yi, don ta samu inda za ta miƙe ƙafa ba a tambaye ta ko ciwo take ba.

Tafiyar Sabuwa ce ta sa yayarsa Yelwa ta zo daga Rogo ta riƙe masa gida. Ita kuwa a Rogo ba a san ta da komai ba kamar fura. Citta da kanumfari da masoro, ta san yadda take haɗa su, kuma ba ta gaya wa kowa. Tun jiya take daka, ta kirɓa, ta cura, ga su nan jere a ƙore an rufe da faifai.

Yau ce ranar gayyarsa. Harƙiya ta cinye masa gonar gyaɗa, har sai ka buɗa ciyawa da hannu kafin ka ga abin da aka shuka. Gyaɗar kuwa ta soma fure, in ta tura 'ya'ya ƙasa fartanya ba ta ƙara shiga. Gayya yini guda ce, gobe kowa na da tasa gonar. In ba a gama yau ba, abin da ya rage na ciyawa ne.

Ya daɗe yana lura da yadda ake yi a gayyar mutane. Da an hango mata da ƙore a ka, sai fartanyu su zube ƙasa. A taru a inuwa, a sha, a yi zancen kokawa, a yi na haraji, a yi na wadda aka saka a Kafin Dafga, wani ma ya jingina da bishiya ya buɗe baki. Kafin a miƙe, a ganinsa, an zubar da rabin yini. Shi ya sa ya ƙudurta gayyarsa ba za a zauna ba sai an gama. Ya san in ya ce da Yelwa ta riƙe furar ba za ta saurare shi ba, ita da ta goya shi. Amma ya san abu guda: gara a ce ta mutu da a ce furarta ta fita gona an dama da ruwa.

"Mutane za su zo su yi maka noma don Allah da zumunci," in ji ta, "kai kuma ka mai da su jakuna. Jaki ma ana sauke masa mangala ya yi birgima."

"A Kano ba a saukewa."

"To ka aika Kano su zo su yi maka. Zauna ka sha koko."

"Na makara."

"Rabonka da abin kirki a ciki tun shekaranjiya. Dubi idonka kamar na mai zazzaɓi."

Ya riga ya kai zaure. Ta ɗaga murya don ta tabbata maƙwabta sun samu nasu rabon: "Sai ka dawo, Helma. A gai da usur."

Mutane sun zo, babu laifi. Samarin unguwa da magidanta, har da waɗansu daga Daura ta nan kusa, kowa da fartanyarsa. Ga Daudu, wanda ba a taɓa wuce shi a kunya ba, shi ne jagoran samari. Ga Baba Liti da gangar nomansa, tsoho mai idon gani da bakin faɗa. Har Shitu ya zo. Shitu ɗan kawun Maharazu ne, abokin wasansa, gonarsu kuma haɗe take. In Maharazu yana son kawo misalin lalacewa, da Shitu yake kawowa, don Shitu mutum ne da ya kafa rumfa a ƙarshen gonarsa ya sa mata gadon kara, yana cewa daga kwance ya fi ganin yadda shuka ke tafiya.

"Ka zo noma ko ka zo shan fura?" in ji Maharazu.

"Na zo in ga wanda zai riga isowa, taubashi."

Baba Liti ya saki kiɗa, aka jeru, aka duƙa. Aikin safe kam ya yi kyau. Ƙasa da laushi, raɓa ba ta bushe ba, fartanyu na faɗuwa tare da ganga, samari na tsere ana yi musu kirari. Maharazu ya shige gaba, ya wuce har Daudu, abin da ba a saba ba, don mai gona yakan tsaya baya ne yana dubawa yana sannu. Shi ya ce a ransa in yana gaba babu mai kunyar da zai bar shi nesa.

Yanzu sai ka san yadda gonar take. Doguwa ce daga bakin hanya ta miƙe gabas har gindin wata tsamiya. Daga nan ba ta ci gaba, sai ta karya kudu ta gangara kwari, kuma can kwarin ne ƙasa ta fi kyau, can ne ciyawa ta fi yawa. Abin da ke gaban tsamiya na Shitu ne, shi ma gyaɗa ce, shi ma ciyawa ta rufe. Iyakar ba wata aba ba ce, 'yan kututturan gamba ne da awaki suka gama da su tun bazara. Tun zamanin uban Maharazu, duk gayyar da aka yi a gonar nan a gindin tsamiyar ake shan fura. In an sha an huta, mai gona ya miƙe ya nuna kudu da hannu, a juya.

Hantsi ya yi, ya wuce. Kawuna suka fara ɗagowa ɗaya-ɗaya ana satar kallon hanyar gida. Babu wanda ya tambaya, don ɗan gayya ba ya tambayar abinci, abin kunya ne da zai bi mutum har jikokinsa. Makaɗi kuma ba ya ajiye ganga sai ya hango ƙwarya. Duk wannan Maharazu ya sa shi a lissafi.

Baba Liti ne ya matso kusa da shi yana kiɗa.

"Ɗana, idona ne ya mutu, ko kuwa hanyar nan babu kowa a kanta?"

"Suna tafe, Baba. Ci gaba."

"Daga Rogo suka taso?"

"Ci gaba dai."

Tsamiyar tana ta matsowa. Maharazu ba ya ganinta sosai, sai dai ya ji sanyinta na zuwa, ya ga ƙasa ta fara duhu a gabansa. Ya san in aka shiga inuwar nan da wannan ƙishi, ko babu fura wani zai ce bari ya gyara ƙota, wani ya ce ƙaya, shi ke nan an zauna. Sai ya sunkuyar da kai ya ƙi dubanta, kamar mai wucewa gaban suruka. Ya ƙara sauri, yana cewa, "Mu je, mu je, saura kaɗan." Gumi na shiga masa ido, kunnuwansa na ƙara, cikinsa babu ko koko. Abu guda ke kansa: a wuce inuwar. Ya kuwa wuce ta. Ya wuce kututturan gamba ma, har ya sare ɗaya ya jefar da shi baya a kan ciyawa ce.

Daudu ya ɗago. Ya dubi kwari a hannun dama, ya dubi bayan Maharazu da ke ta nausawa gabas, sannan ya nemi Shitu da ido. Shitu kuwa ƙasa yake kallo. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara riƙon fartanya, ya kama noma irin wanda ba a taɓa ganin ya yi ba tun da uwarsa ta haife shi. Daudu ya buɗe baki zai yi magana, ya ji harshensa ya manne, ya tuna dalilin mannewar, sai ya rufe.

Wani daga cikin mutanen Daura ya ce a hankali, "Kamar mun..."

"Mai gona ne a gaba," in ji Daudu. Ya duƙa.

Baba Liti ma ya gani. An ce ya ɗan sassauta kiɗan, ya yi tari, don dai kada gobe a ce bai yi komai ba. Da ya ga ba a waiwayo ba, ya ci gaba da abin da aka ce ya ci gaba da shi.

Rana ta zo tsaka ta tsaya a kan ƙeyar kowa. Kirari ya mutu, tsere ya mutu, gangar ma ta koma kamar ana buga busasshen ƙirgi. Fartanya ta yi nauyi, inda ta faɗa nan ta faɗa, ciyawa ko gyaɗa. Wani ya riƙa jawo ƙasa yana binne harƙiya da ranta. Maharazu ya lura gyaɗar nan ta yi tsilli-tsilli, nan tushe can tushe, ya yi mamaki don ya san da hannunsa ya shuka ta cike. Ya ɗora laifin a kan kurege. Har ya raya a ransa gobe zai ɗana tarko. Ya kuma lura aiki ya fi sauri ta nan, ya ce to ga shi, ashe gaskiyarsa, in ba a zauna ba komai gudu yake.

Inuwa ta soma karkata sa'ad da fartanyarsa ta daki wani abu mai ƙarfi. Ya share ido da bayan hannu. Dirka ce. Ya bi ta da kallo zuwa sama, ya ga rumfa. A ƙarƙashinta ga gadon kara, ga tsohuwar tabarma a naɗe, ga gora a rataye.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya a hankali. Tsamiyar tana can baya nesa, ta koma 'yar ƙarama. Tsakaninsa da ita gonar Shitu ce, an nome ta tas daga iyaka zuwa iyaka. Can gefe kuma kwarinsa, kore shar, iska na kaɗa ciyawa.

Babu wanda ya yi dariya. Ba su da ƙarfinta. Shitu ya ratsa ta gefensa ya sauko da gorar, ya girgiza, ya ji babu komai, ya mayar.

"Ga su can," in ji Baba Liti, ya kife gangarsa.

Yelwa ce da matan maƙwabta, da Hajo a bayansu, ƙore a ka. Sun iso gindin tsamiya suka sauke, suka tsaya. An ɗaga musu hannu su ƙaraso, Yelwa ta zauna a kan saiwa ta gyara zaninta. Ita gonar ƙanenta aka ce ta kai wa fura, ga ta kuwa a gonar ƙanenta. Sai mutane suka jawo ƙafa suka koma da baya, suna bi ta kan aikin da suka yi.

Furar ta yi kyau, wannan kowa ya shaida. Amma an sha ta shiru, babu zancen kokawa, babu na kowa. Wani saurayi ya sha da gaggawa ya koma bayan bishiya ya dawo da ita. Wani ya kwanta rigingine ya rufe fuska da hula. Aka yi taimama aka yi azahar a makare. Maharazu bai sha ba, bai zauna ba, yana ta kai da kawo a bakin inuwa. Da ya ga an shafa fatiha ya matso.

"Jama'a, kwarin nan ba shi da yawa. In muka duƙa yanzu, kafin magariba..."

Daudu ya buɗe masa tafukan hannunsa. Sun yi ƙulu-ƙulu, waɗansu sun fashe.

"Da mun zauna da hantsi," in ji shi, "da yanzu muna tsakiyar kwarin muna waƙa. Jikin da za mu yi maka yamma da shi mun ƙarar da shi da rana. Ba ƙi muka yi ba, Maharazu. Babu ne."

"Baba Liti, ka sa baki."

"Ganga ta kifu, ɗana. Ni ban taɓa ɗaga ta sau biyu a yini ba, ba kuma a kanka zan fara ba. Dubi wuyan hannuna."

Suka yi wa Yelwa godiya, ita kaɗai, kowa ya saɓa fartanya. Maharazu ya gangara kwarin shi kaɗai. Bai kai ƙarshen kunya ta farko ba ƙasa ta juya masa, ya tsinci kansa a zaune cikin harƙiya ba tare da ya yi niyya ba. Hajo ce ta hango shi, ta kira Yelwa, suka kamo shi kafaɗa da kafaɗa, mata biyu, ta tsakiyar unguwa, a lokacin da kowa ke ƙofar gida.

Bayan la'asar yana zaure an jingina shi da bango, Yelwa na tsaye a kansa.

"Gobe zan sake kiran gayya," in ji shi.

"Kira. Ni ma ina son in ga fuskar wanda zai zo."

"Da kin dama da ruwa kin kawo, da duk haka ba ta faru ba."

Yelwa ta riƙe haɓa. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Kafin ta samo amsar da ta dace da girman maganar, aka yi sallama. Shitu ne, ya yi wanka ya sa riga mai tsabta, yana rungume da zakara. Ya cire takalmi, ya durƙusa sosai kamar gaban hakimi, ya gai da Yelwa, ya tambayi mutanen Rogo ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mai jego da jariri, sannan ya juyo.

"Taubashi, ya jiki? Ya gajiya?"

Maharazu ya dubi bango.

"Na zo godiya ne. Ni dai ban san me na yi maka ba da ka tara mini jama'a haka, ka ciyar da su, ka kuma shige gaba da kanka. Tun watan jiya nake kwance ina tunanin yadda zan yi da ciyawar nan. Ashe Allah ya riga ya tanadar mini kai."

"Kana gani ka yi shiru."

"Ni? Ina noma. Kai ka ce mai aiki ba ya ɗaga kai." Ya ajiye zakaran a gaban Yelwa. "Yaya, ga wannan a yi masa romo, ya sha wuya."

"Allah ya amfana," in ji Yelwa, ta karɓa ta taɓa ƙirjinsa ta ji nama.

"Sai dai abu guda," Shitu ya ci gaba, yana sosa ƙeya. "Na zaga bayan kun tafi. Wajen ƙarshe an sassare mini gyaɗa ba kaɗan ba, musamman kunyar da ka bi. Amma na yafe, wallahi, tsakanina da kai babu wannan. In baɗi za ka sake, ka bar su su ɗan huta a tsakiya, aikin zai fi tsabta."

Yelwa ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

"Kwarin naka kuma kada ka damu. Jibi zan zo in taya ka, in Allah ya kai mu. Sai dai ka san ni, ina yi ina zama."

Maharazu ya dafa bango ya miƙe. Zauren ya ɗan yi lilo da shi, ya jira ya tsaya. Ya ɗauki fartanyarsa a lungu.

"Ina za ka?" in ji Yelwa. "Rana ta kusa faɗuwa, ƙafarka ko ɗaukarka ba ta yi. Zauna a yanka zakaran nan."

"Ku ci."

Ya tsallake takalman Shitu, ya fita, ya jawo ƙyauren zauren ya buga shi da ƙarfin da ya rage masa, har ƙasa ta zubo daga saman ƙofa.